Yadda Za Ka Burge Surukinka da Hayaƙin da Bai Iso Ba

Wannan hanya tabbas ce, ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Bi matakan nan bi da bi, cikin mako guda surukinka zai fara tashi ya ba ka kujera. An gwada ta a kan Dogo, mai shara a wani ofishin nazarin yanayi, kuma har yau yana da rai.

Mataki na ɗaya: Samo hoton

Jira sai wuta ta kama wani daji mai nisa. Kada kai ka kunna ta.

A ofishin su Dogo akwai ƙaton allo a bango, inda hotunan tauraron ɗan'adam ke nuna hayaƙi yana jan jiki kamar jelar doki. Shekara goma sha ɗaya yana goge allon nan, ƙura kawai yake gani. Ranar da ya ji surukinsa zai zo ya yi musu mako guda, sai ya roƙi wata ma'aikaciya ta sa masa shafin a wayarsa. Ta sa masa, ta fara bayani, ya ce ya gane. Kai ma haka za ka ce.

Mataki na biyu: Haddace kalma ɗaya

Kalmar ita ce "maso". Arewa maso gabas, kudu maso yamma. Magabata sun ce ba a gardama da mai cewa maso. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, tsuke baki, ka ce ana ci gaba da lura.

Mataki na uku: Nuna wa tsohon

Surukin Dogo tsohon direban babbar mota ne, mai fama da asma, kuma bai taɓa yarda mai tsintsiya ya dace da 'yarsa ba. Bayan an ci abinci Dogo ya durƙusa gefensa, ya miƙa wayar. Tsohon ya ƙura ido, ya tambaya ina titi, ina motoci.

"Baba, daga wannan nisan giwa ma ba ta kai kwarkwata ba. Ga hayaƙin nan, wannan toka-tokan. Ya doso mu, kudu maso nan."

Tsohon ya dafa ƙirji. A karon farko ya ce masa, "Zauna sosai mana."

Mataki na huɗu: Yanke rana

Masani ba ya kame-kame. Dogo ya ce Alhamis da hantsi. Kafin yamma labari ya gama layin. Mai wanki ya kwashe shanyarsa da danshinta, tela ya sayar da takunkumin fuska har ƙyallensa ya ƙare. Dogo ya toshe tagogin ɗakin baƙi da tsofaffin safa da tef, ya cusa tawul a ƙasan ƙofa.

Alhamis ta zo, sama fes kamar an wanke faranti. Tsohon yana ciki yana zufa, mai wanki yana waje yana jiran Dogo da kayan mutane masu warin danshi. A irin wannan hali, ana ci gaba da lura.

Mataki na biyar: Kada matarka ta taɓa wayar

Nan Dogo ya yi sake. Matarsa ta karɓi wayar, ta karkata ta wajen haske, ta goga da gefen zaninta. Hayaƙin da ya doso su ya ɓace ƙaf. Ashe maiƙon yatsansa ne. Na gaskiyar yana can wata kusurwa da bai taɓa dubawa ba.

"Baban yara, kai da kake goge gilashin gwamnati?"

Ya roƙe ta kada Baba ya ji. Ta ce ba zai ji ba, muddin wanke-wanken wata guda ya koma hannun masani. Kunya ta hana shi cire safar daga taga.

Mataki na shida: Karɓi yabo ba tare da ƙifta ido ba

Ranar Asabar iska ta juya, hayaƙin gaske ya sauko. Rana ta koma ja, layin duka tari ake yi, an kai mutum biyu asibiti. Tsohon kuwa yana ɗakinsa a toshe, ko maganin shaƙarsa bai taɓa ba. Dogo ya leƙa, ya ga ƙirjin yana hawa yana sauka lafiya, sai ya zauna a bakin ƙofa.

Tsohon ya ce kuskuren kwana biyu ba kuskure ba ne, shi ya taɓa kai lodin tumatir da lattin mako. Sannan ya dafa kafaɗar Dogo.

"Ɗana, na yi tunani. Ba inda ƙirjina ya fi samun tsaro kamar kusa da kai. Na aika a kawo mini sauran kayana."

Hattara

Mai wannan rubutu ba shi da hannu cikin duk abin da zai biyo baya: fushin mai wanki, kaushin hannu, ko surukin da ya zo mako guda ya shiga wata na bakwai. Mai son sanin inda hayaƙi ya dosa, ya tambayi ma'aikaciyar nan, kuma ya bari ta gama bayani.