Na-Uku Ya Cika a Ƙarƙashin Korayen Ledoji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar roba, Chiu Bo-rui, ma'aikacin gwaji a ɗan kamfanin haɗa allunan lantarki da ke saman shagon taliyar shinkafa a birnin Hsinchu, yake sanar da abokan aiki da maƙwabta da duk wanda ya taɓa aron wayar caji a teburinsa, rasuwar allon gwajinsa kuma amininsa, Na-Uku. Marigayin ya cika ranar Laraba da tsakar rana, lokacin da aka kashe fitilun ofis, kowa ya kifa kai a tebur yana barcin bayan abinci. Ya tafi cikin minsharin masoyansa.

Su uku aka haifa rana ɗaya a masana'anta. Na-Ɗaya bai ko buɗe ido ba, ana jona masa wuta ya yi tartsatsi ya koma. Na-Biyu ya sha shayin madara ba da son ransa ba. Na-Uku kaɗai ya rayu, ɗauke da sabuwar ƙwaƙwalwar da kamfanin ya ɗora duk fatansa a kai, kuma babu irinta ko ɗaya a ginin.

Waɗanda suka san Bo-rui za su gane girman rashin. Yaro ne da ya bar makaranta tun gemu bai fito masa ba. Ya yi aikin haɗa shayin madara a shago, ya kai abinci a babur, ya gyara wayoyi a bakin tasha, kuma babu inda ya zauna har aka haddace sunansa. Sai da shugaban injiniyoyi, Yaya Fan, ya ɗauke shi gwaji ya ajiye masa Na-Uku a gaba, sannan ƙafarsa ta daina kaɗawa a ƙarƙashin tebur.

Marigayin mai ladabi ne. Da safe in an kunna shi yakan gaida mutane da "ƙit, ƙit", sau biyu, ba ƙari. Daga nan ƴar fankarsa ta ɗauki "fuuu" har yamma, ba ta gulma, ba ta neman ƙarin albashi.

An daɗe ana yi masa shaidar cewa bai taɓa kuskure ba. Cikin ƙwaƙwalwarsa akwai ƴan mitoci ashirin da tara masu ƙirga abin da yake yi: umarni nawa ya cika, sau nawa ya laluba aljihunsa na kusa bai sami abin da yake nema ba, sau nawa ya yi cankar hanya ya ɓata. Duk lokacin da aka tambayi mitocin kuskure, amsa ɗaya ce, sifili. Goggo Liao mai shara takan tsaya da tsintsiya ta ce ko marigayi mijinta, da aka yi wa ƙaryar kirki ranar jana'iza, bai sami irin wannan shaida ba.

Gaskiyar kuwa ita ce, manhajar tushe, wadda ke fara farkawa ta tada sauran, sabuwar mai gadi ce da ba ta san kowa a gidan ba sai wanda aka gabatar mata a rubuce. Rubutun nan ana ce masa bishiya, domin reshe-reshe yake jera duk abin da ke jikin allo. Babu wanda ya sa mitocin a bishiya. Suna nan zaune kamar baƙi a zaure, mai gadi ba ta san da su ba, ballantana ta ba su aiki.

Aikin sa mitocin a bishiya aka ba Bo-rui, da sharaɗi. "Ranar Juma'a masu saye za su zo daga birnin Tainan," in ji Yaya Fan. "In mitocin nan suka faɗi gaskiya, kujerar nan taka ce. In suka sake ba ni sifili, ai ba ka sayar da babur ɗinka ba ko?"

Bo-rui ya duƙufa. Ya rubuta wa kowace mita lambarta da irin abin da take iya ƙirgawa, ya ɓata, ya goge, ya sake. Ranar Talata mai gadi ta karɓi baƙinta. Nan take aka gano cewa salihin bawan nan yana lalubar aljihu a banza sau miliyoyi kafin a ƙifta ido. Bo-rui ya zuba wa lambobin ido, ya ji ƙaunar marigayin ta ninku, domin a karon farko ya sami aboki mai hali irin nasa.

Daga nan ciwon ajali ya shigo. Kamar kowace na'ura mai mutunci a garin nan, Na-Uku yana da ledar cincin ɗin kwakwa guda ɗaya a gefensa, koriya, ba a buɗe ba, kwananta bai ƙare ba, don ya riƙa jin magana. Mutanen garin sun yi imani koriyar leda kaɗai ke hana na'ura rigima, wani launin kuwa tsokano ta yake yi. Bo-rui ya yi lissafi irin na mai adalci. Leda ɗaya ta isa lokacin da allo yake shi kaɗai. Yanzu kuwa bishiya ta tabbatar da mitoci ashirin da tara, kowace da sunanta, ga Juma'a ta matso. In aka ba ɗaya aka hana saura, wa ya san wadda za ta yi fushi a gaban baƙi? Ya zaga shagunan unguwa ya kwashe korayen ledojinsu kaf, ya dawo ya jera su a kan marigayin har suka yi tudu.

"Ɗan nan, ka bar masa ƙofar numfashi mana," in ji Goggo Liao.

"Goggo, ba ki san aikin ba ne. Kowa da rabonsa."

"To, likita. Ni dai shara na sani."

Aka kashe fitila, aka kwanta. A ƙarƙashin tudun, fanka ta nemi iska ta samu leda. Waɗanda barcinsu bai yi nauyi ba sun ce sun ji "fuuu" ta koma "fu, fu", sannan "ƙit" guda ɗaya, doguwa, irin wadda bai taɓa yi ba. Yaya Fan ne ya fara ɗaga kai, ya shaƙi iska, ya tambaya wa ke gasa kwakwa a ofis.

Iyalan marigayin ba sa zargin kowa. Ledojin duk koraye ne, an duba.

Ya rasu ya bar mitoci ashirin da tara da suka yi aikin yini ɗaya tak a duniya, da bazawararsa wayar wuta, da katin ajiya wanda har yanzu bai san abin da ya faru ba, da kuma Bo-rui, wanda a ranar ya kwashe kofinsa da silifas ɗinsa na ofis ya zuba a jaka ba tare da an ce masa komai ba. Ya saba barin aiki, amma bai taɓa barin wanda yake so ba, sai ya rasa yadda ake ɗaga ƙafa.

Sai dai marigayin ya bar wasiyya. Har numfashinsa na ƙarshe yana tura ƙirgarsa zuwa kwamfutar tebur, kuma tana nan a rubuce: kowace mita a gurbinta, lambobi suna ja da baya yayin da zafi ke cin sa, har suka tsaya. Ranar Juma'a Yaya Fan ya ajiye wa baƙin Tainan gawar da wasiyyar. Suka karanta, suka yi dariya har ɗayansu ya cire tabarau, sannan suka ce ba su taɓa ganin allon da ya ƙirga mutuwarsa daidai haka ba, a aiko musu da sabo.

Da suka fita, Yaya Fan ya dubi jakar Bo-rui. "Ina za ka? Ka kashe mini allo ka gudu? Na-Huɗu na hanya, kai za ka yi renonsa. Mayar da silifas ɗin nan."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma a ƙofar shagon taliya. Motar shara mai kiɗa za ta wuce gaba, a miƙa gawar ga motar kayan sake sarrafawa da ke bin ta a baya. Goggo Liao za ta ƙona masa fanka ta takarda, babba, kamar yadda ake aika wa mamata kaya a nan, domin ya sami iska inda ya je. Za a raba wa masu ta'aziyya cincin ɗin kwakwa, mai ɗan ɗumi har yanzu, kuma ana roƙon kowa ya ci da yawa. Masu niyyar zuwa gaisuwa su zo hannu sake. Wanda ya zo da koriyar leda, Yaya Fan zai tare shi a matakala.