Abdulsalami Zai Bar Ƙasa

"…Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya mutan Rogo? Ya uwar taka? To madalla. Sauke kayan mana, ko ce maka aka yi in ka ajiye za su gudu?"

Haka Iya Tasalla ta tari jikanta Abdulsalami da hantsin nan, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta a Beli, tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Bakinta na gaisuwa, amma idonta na kan baƙar jakar da ya rungume a ƙirji kamar jariri. Jakar nan ce ta hana ta cin abincin kirki tun jiya.

Jiyan ne 'yarta Zuwaira ta kira ta a waya. Abdulsalami ɗan fari ne, don haka Zuwaira ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zaunar da shi ta ce ina za ka. Abin da ta iya cewa shi ne, "Iya, ki yi wa wancan magana." Wai wani saƙon murya ne ke yawo a wayoyi, cewa za a rufe gidajen gem a kwashe na'urori. Shi kuwa da shagon gem yake cin abinci a unguwar Sabon Gari ta Rogo, talabijin biyu da sola, samari na zuwa suna buga ƙwallo da yatsa. Zuwaira ta jiyo shi a zaure yana cewa ranar da aka hana, ranar zai bar ƙasar. Sai kuma ta ga ya kulle shago ya sayo jaka. Da irin jakar nan abokinsa Hammawa ya fita bara ya bi ta Agadas, kuma tun farkon damina ba wanda ya sake jin muryarsa.

Tasalla ta san halin kayanta. In ta tambaye shi kai tsaye, "ba komai" zai ce ya tashi. Sai ta bi ta ƙofar da Allah ya buɗe wa kaka.

"An ce mini mijina zai tsere ya bar ni da gyaɗa."

"Wa ya faɗa miki?" ya ce, yana jawo kujera 'yar tsugunno, jakar na kan cinyarsa.

"A rediyo na ji. Har kiɗa suka sa don murna."

"To gaskiya ne. Na gaji da auren mace mai haƙori huɗu."

"Biyar ne. Ɗayan yana can ciki, ba na nuna wa talaka. Ina ka nufa, mai gidana?"

"Inda aka san darajar sana'a. Akwai ƙasar da ake tara jama'a kamar filin Idi, su zauna suna kallon yatsunka, in ka ci a miƙa maka makullin mota."

"Waɗannan yatsun za su kalla? Ungo, ɓare mini ɗaya in gani."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya matse, ɓawo da gyaɗar suka dagargaje tare. Ya kaɗe hannu ya ce gyaɗar ce ba ta da inganci.

"Kai da aka kai Ƙaraye rigakafi," ta ce, "ka yi ta amai tun daga tasha, direba ya rantse ba da shi za ka dawo ba. Kai ne mai zuwa ƙasar waje?"

"Shekarata huɗu fa a lokacin."

"Bara da muka je biki shekararka nawa, da ka roƙi wata mai goyo ta bar maka bakin taga?"

"Wannan laifin hanya ne. Jirgi ba ya faɗawa rami."

"Jirgi za ka hau? Ko bayan akori-kura za a ɗaure ka kamar buhun albasa, a bi da kai cikin rairayi?"

Maganar ta fito da nauyin da ba ta yi niyya ba. Ta sunkuyar da kai ta hau tsintar ɓawo a kan tabarma, don kada ya ga fuskarta. Da ya sake buɗe baki, babu wasa a muryarsa.

"Tasalla, ke wasan yara kike gani. Shagon nan da shi na sa wa Umma rufin kwano. Da shi nake sayen taki. In aka rufe me zan yi? In zauna a bakin titi ina kallon masu wucewa?"

Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta tsorata ta. Da ƙarya ya shara, da ta san yadda za ta yi da shi. Ta gyara zama ta ɗaure fuska.

"Hani yau aka fara? Muna 'yan mata mai unguwa ya hana gaɗa a dandali, wai ƙurar ƙafarmu ke sa shi tari. Ka taɓa jin an ce Tasalla ta ɗaura kaya ta tafi Sudan? Bayan rumbunan Malam Ilu muka koma, muka rage ƙarfin tafi. Ba a yi wata uku ba aka yi masa haihuwa, shi da bakinsa ya aiko a zo a yi masa gaɗa ranar suna."

"Wannan ai tun zamanin jahiliyya ne."

"Zamanin da na kori maza bakwai na tsaya jiranka. Ga abin da jiran ya haifar mini, miji mai gudun gida saboda akwatin wasa."

"In kin gaji ki faɗa, in rubuta miki takardarki."

"Rubuta. Amma kafin nan buɗe jakar. Mace tana da ikon ganin abin da miji zai gudu da shi. Ƙila zannuwana ne ka kwashe."

Abdulsalami ya waiwaya ya dubi ƙofar gida, ya dubi katanga, sannan ya matso ya ja zif ɗin a hankali. Tasalla ta leƙa. Baƙaƙen akwatuna ne guda biyu a naɗe cikin tsohuwar jamfa, da wayoyi a cukurkuɗe, da abubuwan dannawa guda huɗu masu kama da ƙahon rago. Ba ta yarda ba. Ta zura hannu har ƙasan jakar, ta laluba kowane lungu. Babu riga, babu takalmi, babu ko buroshin goge baki.

"Ina kayan sawarka?"

"Suna gida. Me zan yi da kayan sawa?"

"Fasfo fa?"

"Wane fasfo? Ni ko katin zaɓena ban san inda na jefa ba." Ya sassauta murya. "Masauki na zo nema musu a ƙarƙashin gadonki. Duk wanda zai kwashe na'ura a Rogo ba zai zo Beli ya ɗaga gadon tsohuwa ba. In ma ya zo, warin daddawarki ya ishe shi. Sati biyu kawai, in ga ko maganar gaskiya ce ko ƙaryar waya."

"Barin ƙasar fa?"

"Wane barin ƙasa?"

"Wanda ka yi shela a zaure."

Ya tsaya yana kallonta, sai can ya gane. "Umma ce ta ji?"

"Ni ban kama sunan kowa ba."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Da abokaina su Muhammad nake cika baki, don kada su ga na tsorata. Ni ina zan je? Ni da nake ganin uwar Hammawa tana tare duk wanda ya dawo daga arewa, da hotonsa a hannu?"

Tasalla ta jawo ƙwaryar gyaɗar gabanta. Daɗi ta ji, daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba, kuma yunwar jiya ta taso mata gaba ɗaya. Ta so ta yi kuka, amma kaka ba ta kuka a gaban miji irin wannan, don sai ya kai labarin har kasuwa. Sai ta watsa gyaɗa a baki ta hau taunawa da 'yan haƙoranta.

"Ashe ƙasar wajen taka ke nan, ƙarƙashin gadona. To gadona ba tasha ba ne. Baƙi biyu da 'ya'yansu huɗu, wa zai ciyar da su?"

"Ba sa ci, ba sa sha, ba sa magana."

"Ashe sun fi mai su tarbiyya. Ɓera fa?"

"Ɓeran da ya zauna a ɗakinki ai ya riga ya tuba da neman abinci."

"Ka ci gaba, yanzu ka kwashi tsiyarka." Ta nuna shi da yatsa. "Ga sharaɗina. Ka juye su a nan, ka koma Rogo kafin azahar. Ka rataye jakar nan wayam a inda uwarka za ta gani, ka zauna ka cinye tuwonta tas, har ka nemi ƙari. Ba sai ka ce mata komai ba, ita ma ba za ta ce maka ba."

"Na ji."

"Kuma in za ka sake cika baki, ka fita bayan gari. Zaure yana da kunne."

"Na ji, uwargida." Ya yi murmushi yana naɗe wayoyin. "Ke ma dai da neman magana. Kin san ba inda za ni sai na ga an kai ki makwancinki. Ni zan riƙe gaban makara, in tabbatar ba ki dawo ba."

Tasalla ta daina tauna. "Ka yi alkawari?"

"Na yi."

"Har ga Allah?"

"Har ga Allah."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullin ɗaki ta jefa masa a tafin hannu. Dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki.

"To shiga ka shimfiɗa wa baƙinka. Kai kuma ka nemi wurin zama mai kyau a ƙasar nan, don ni yanzu na fasa mutuwa."