Kurman da Na Kai Kasuwar Libiya

Da aka ɗora mini shirin tura ɗalibai koyon aiki wajen 'yan kasuwa, na sha alwashin ba zan bar kowa a baya ba. Har taro na kira a Khartoum, na zuba jawabi da Larabcin Sudan.

Cikin ɗaliban akwai wani dogon saurayi, Ilyasu. Duk abin da na tambaye shi, murmushi kawai yake yi. Nan take na gano matsalarsa: kurma ne. Daɗi ya kama ni, shirina ya samu abin nunawa.

Da kaina na kai shi wata babbar kasuwa a nan Sudan da ake kira Kasuwar Libiya, shagon Alhaji Usman mai kayan lantarki. A hanya ina ta yi masa bayani da hannu, ina zare ido. A shago na yi wa Alhaji wa'azi da Larabci kan haƙƙin nakasassu, har ya share ƙwalla.

Sai wayar Ilyasu ta yi ƙara. Ya ɗauka da Hausa garau, harshen da na tashi da shi:

"Inna, lafiya lau. Larabcinsu ne ban fara ji ba tukuna. An haɗa ni da wani bawan Allah, tun safe yake fama da hannu. Ki sa shi a addu'a."

Ashe sabon zuwa ne daga Maraɗi. Alhaji Usman, shi ma Bahaushe, ya zame daga kujera don dariya.

Har yau a layin shagon Alhaji ba mai amsa mini sallama da baki, sai da hannu. Matata ma, in abinci ya sauka, tafi take yi ta nuna mini bakinta.