Rasuwar Jakar Numfashin Wakilin Wata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu ƙaro bai gama fita daga cikinsa ba, ni Ɗantani na Bodinga nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da samarin Dingyadi da na Shagari masu shirin zuwa mana kalankuwa, rasuwar Jakar Numfashi, wadda 'yan unguwarmu suka fi sani da Goyon Ɗantani. Ta rasu jiya Laraba da hantsi a fadamar Dandin Mahe, a tsakiyar fangalin albasa, tana goye a bayan wanda ba ubangidanta ba. Ba ta je duniyar wata ba. Ko filin kalankuwar da aka yi ta dominsa ba ta taka ba.

Baƙo ba zai gane girman wannan rashi ba sai an gaya masa yadda kalankuwarmu take. In an gama kaka, samari kan raba wa juna muƙamai, wannan Gwamna, wannan Alƙali, wannan Likita, a yi wuni ana mulkin wasa. To muƙamin da mutum ya riƙe a kalankuwarsa ta ƙarshe kafin aure, shi ne sunansa har kabari. Malam Ɗahiru Alƙali bai taɓa yanke wa ko kaza hukunci ba, albasa yake sayarwa, amma har gobe ana rusuna masa. Akwai kuma wani dattijo a bayan masallaci da bai taɓa ɗaukar allurar kowa ba, ga shi jikokinsa suna amsa sunan 'yan gidan Ɓarawo. Ni kuwa tun da na shiga samartaka Fursuna nake fitowa, wai don Allah ya yi ni siriri mai fuskar ban tausayi, kuma dole Ɗan Sanda ya sami wanda zai ja. Bana ce ta ƙarshe gare ni. An sa ranar aurena da Safinatu bayan Salla.

An haifi marigayiya a damina, shekara guda da samun mulkin kai, lokacin da rediyo ya ce an harba mutum sama ya zagayo duniya ya dawo da ransa. A shagon Maniru tela na ga wata yagaggiyar takardar Turawa da aka ƙunso zare a ciki, da zanen mutum yana tafiya a kan wata, kansa cikin gilashi, bayansa goye da abin shaƙar iska. Na je na sami Sarkin Samari Abdulƙadir na ce tunda ƙasa ta koma hannunmu, har mun sami Firimiya da Ministoci a wasa, bai kamata a bar wata ba wakili ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yarda, da sharaɗin da ke kan kowa: babu muƙami sai da kayan aiki.

Tana da yayye biyu da suka riga ta. Ta farko garwar kananzir ce, ta yanka mini kafaɗu na sallame ta. Ta biyu da kunu na liƙa ta, gara ta yi walima da ita. A ta uku ne na yi hankali. Na ɗaure mata ƙashi da karan dawa, na naɗe takardar buhun siminti a jikin gora, shafi bisa shafi da ƙaro, ina shanyawa ina ƙarawa, har tankuna biyu suka tsaya da kansu na zare gorar. Fatarta kuwa takardar azurfa ce ta cikin kwalin taba. Ni da ban taɓa sa taba a baki ba, babu mashayin da ban bi ba daga tashar Bodinga har kasuwar Shagari, har aka fara kai wa Inna gulma cewa ɗanta ya lalace. Safinatu ce ta ɗinka mata maɗauri da majanyin yayarta, tana ɗinki tana dariya, amma ɗinkin bai taɓa saki ba.

Marigayiya mai kyan gani ce, mai sauƙin ɗauka, ba ta taɓa cewa a ba ta abinci ba. Tana da fuskar mataccen agogo a ƙirji, da ƙwan tocila a ka, da tiyo na bututun tayar keke. Na ɓoye famfon keke a cikinta, in na ja igiya sai ta ce fus, fus, kamar jariri mai barci. In na yi tsalle irin na mutanen wata, ƙararrawarta ta ce ƙirrin. Akuyar gidanmu ba ta taɓa sabawa da wannan muryar ba. Kuma don kada a ce aikin wasa ne, na sa mata murfin garwa na gaske, mai buɗuwa da rufuwa. Da na san abin da murfin nan zai jawo, da zana shi kawai na yi da gawayi.

Ga yadda ajali ya zo. Na tafi Shagari neman batir saboda ƙwan tocilar. Bayana sai ga Kawu Mijinyawa, yayan Inna, ya zo daga Dandin Mahe yana kukan tsutsa ta kama masa albasa. Ya leƙa ɗakina ya ga marigayiya a rataye tana ƙyalli, sai ya tuna masu feshin sauro da suka taɓa zuwa da irinta a baya. Ya tambayi Inna, Inna kuwa da alfahari ta ce na'ura ce, ɗanta ya ƙera da hannunsa. Ƙanwa ba ta hana yaya aro. Ya ɗora ta a jaki ya tafi, ya jiƙa ganyen dogon yaro da toka, ya goya ta, ya sa aka buɗe murfin aka ɗura mata garwa guda. Waɗanda suka halarta sun ce ba ta yi doguwar jinya ba. Ta ce fus sau ɗaya, ta saki jiki, ta gangaro ta bayan rigarsa. Sun ce har yamma azurfarta na yawo a kan ruwan fangali.

A kwando ya dawo mini da ita, ya zauna ya sha fura, sannan ya dube ni da tausayi ya ce, “Ɗantani, wagga na'ura taka ba ta da ƙwari. Ruwa kaɗai niz zuba mata tab baje. Wa yas saishe ka ita? An cuce ka.” Na durƙusa na ce Allah ya huci zuciyar Kawu, na tambayi lafiyar albasa. Ban yi kuka ba sai da jakinsa ya sha kwana.

Marigayiya ta rasu ta bar hular ƙwarya mai tagar gilashin fitila, wadda yanzu take takaba a kan ƙusa. Ta bar riga ta buhun gishiri, da takalman roba da aka shafe da farar ƙasa, da batirin da na sayo mata bai same ta da rai ba. Ta bar ni. Da safen nan na kifa hular na je wurin Abdulƙadir na roƙe shi ya karɓe ni haka. Ya ce mutum da ƙwarya a ka ba jaka a baya, ai mai tallan nono ne. Kafin in iso gida har ya aiko da igiyar Fursuna, tana nan a ƙofar ɗakina ban taɓa ta ba.

Kalankuwa jibi ce. Takardar siminti ba ta bushewa a kwana biyu, na sani, kuma na riga na kwashe azurfar ƙasar nan kaf. Duk da haka ina roƙo, don Allah don Annabi, duk mai kwalin taba ko guda ne, ko ɗan ƙaro, ko wata dabarar da ban sani ba, ya taimaka. Ba don ni ba. Safinatu ta ce ita ba ta damu ba, amma ta faɗa tana kallon ƙasa. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. 'Ya'yan da ko haifarsu ba a yi ba za su tashi ana ce musu 'yan gidan Fursuna.

Za a yi jana'iza yau bayan la'asar a bayan rumbunmu. Ba za a yi mata wanka ba, wanda aka yi mata ya isa. Liman ya ce ba salla, kuma ya ce in yi hankali da bakina. Za a sa ta a likkafanin buhun siminti, majanyin Safinatu kaɗai za a cire a ajiye. An yafe wa Kawu Mijinyawa zuwa, saboda nisa.

Zaman makoki a zauren gidanmu ne har daren Juma'a, don ranar Asabar mai makokin yana fili da igiya a ƙugu. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da goro. Abu ɗaya nake roƙo: in kun iso ƙofa kun yi sallama, ku tambaya ko Wakilin Wata yana ciki. Zan fito da sauri, ba zan bar ku tsaye ba.

Mai sanarwa, a madadin hula da takalma,
Ɗantani na Bodinga, wanda har zuwa safiyar Asabar sunansa Ɗantani kawai.