Wutar da Ta Ƙi Tafiya

Ƙawata, ajiye wankin nan ki matso, ki ji abin da ya sa na kusa ƙwarewa da dariya.

Wani ne ƙaninsa ya ɗauke shi zuwa ƙasar wajen da yake zaune. Ya samo masa aiki wurin mai kula da benen da yake haya: shara, goge matakala, canza ƙwan fitila. Mutumin nan shekara biyu ba aikin yi, har matarsa ta gaji da yi masa addu'a a fili ta koma yi a zuci. Aka ce ranar Laraba da hantsi zai je mai kula da benen ya gan shi.

To kin dai san mu. In aka kawo wuta, ko loma ce a hannunki ajiyewa za ki yi ki ruga.

Ranar Litinin suka iso. Ƙanin na buɗe ƙofa ya danna makunni, falo ya haske. Mutumin ya yar da jaka.

"An kawo! Ina dutsen guga?"

"Yaya, zauna ka sha ruwa tukuna."

"Ruwan guduwa zai yi? Miƙo wayoyi a sa caji!"

Ya goge kayansa, ya goge na ƙanin, ya goge na matar ƙanin. Ya shiga banɗaki ya murɗa famfo, sai ga ruwa, har da mai zafi. Ya yi salati. Bokiti, tukwane, butar shayi, kofuna, duk ya cika ya jera. Matar ƙanin ta zo ɗora girki, ba tukunya ko ɗaya.

"Yaya, a nan fa ba a ɗaukewa."

Ya dube ta da tausayi. "Haka suke yi, ƙanwata. Jira suke ki saki jiki."

Talata wuta na nan daram. Ya goge labule, zannuwan gado, tawul, safa. Tsumman share ƙafa na bakin ƙofa ma sai da ya sha kari. Salla a gurguje, Allah Ya yafe mana, yana sallamewa zai ɗaga kai ya dubi fitila. Matarsa ta kira daga gida.

"Maigida, yaya ƙasar? An ce aljannar duniya ce."

"Ban gan ta ba tukuna, an kawo wuta. Kashe, za ki ja min asara."

Laraba da safe idonsa ya yi jawur, baya ya ƙage, yatsu duk ƙuna. Ya leƙa ta taga. Can wata na jan injin shara, can wani tsoho na fama da guga, ko'ina inji na kuka. Zuciyarsa ta karye.

"Bayin Allah. Su ma ba su samu sun zauna ba."

Ya sa rigarsa mai kari kamar wuƙa, ya sauko zai tafi ganin mai aikin. A ƙarƙashin matakala sai ya ga wani akwatin ƙarfe a bango, da ƙaton makunnin wutar benen a ciki. Ya yi bisimilla, ya ja shi ƙasa.

Bene ya yi tsit.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna a matakala, ya miƙe ƙafa. Rabonsa da zama tun a jirgi.

Sai ƙofofi suka fara buɗewa. Wani ya fito da kumfa a ka. Wani da rabin aski. Waɗanda lif, injin hawa bene, ya tsaya da su suna ta dukan ƙarfe suna ihu. Mai kula da benen ya taho a guje, ƙanin na bayansa takalmi a hannu. Mutumin ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya miƙa hannu za a gaisa.

Mai kula da benen ya mayar da wuta, ya juyo yana ta zuba yarensu, jijiyar wuya a miƙe.

"Me yake cewa? Godiya ce?"

"Yaya, ka kashe ni! Cewa yake aiki babu, ko tsintsiya ba zai ba mahaukaci ba. Shekara ashirin ba a taɓa ɗauke wuta a gidan nan ba, sai yau!"

Amsar da mutumin ya bayar kuwa, ƙawata, don Allah ta tsaya tsakaninmu, kin san matarsa ba ta ji ba har yanzu. Ya dubi mai kumfa, ya dubi mai rabin aski, ya girgiza kai.

"Shekara ashirin suna guga ba hutu, amma ni ne mahaukacin?"