Ranar da Buhun Shinkafa Ya Yi Waƙa a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta damina ba, kuma ko na so mantawa mutanen Garou ba za su bar ni ba.

Matata Hadiza ta je wankan jego gidansu a Garou, arba'in ta cika har ta wuce, amma mahaifinta, Malam Issa, ya ƙi cewa uffan a kan komawarta. Dama can bai ɗauke ni a bakin komai ba. Shi manomi ne, ni kuwa ina sayar da takalma a kasuwar Malanville, kuma a ganinsa ba ni da aiki sai danna waya. Kewar matata da ɗana ta ishe ni, don haka na roƙi Kawu Buba ya raka ni mu nemi a ba ni iyalina. Na sayi goro da buhun shinkafa 'yar waje (e, na sani, Garou ake noma shinkafa, amma ta waje suke dafa wa baƙi).

Ana gobe za mu tafi ruwa ya yi mini dukan tsiya a kan kabu-kabu. Ina isa gida na jona waya a caji, sai ta nuna mini alamar ɗigon ruwa, ta ƙi ɗauka. Na hura mata iska har kaina ya yi jiri. Na canza igiya, na aro ta maƙwabci, na lanƙwasa bakin igiyar na danne da dutse, duk a banza. Maƙwabcin ya ce in binne ta cikin shinkafa ta kwana, za ta tsotse ruwan. Shinkafar da ke gidan kuwa ita ce ta suruki. Na warware bakin buhun, na cusa waya can ciki ba tare da na kashe ta ba, na ɗaure, ina jin kaina wani gwani.

Da sassafe Kawu ya iso yana faɗa wai na makara. Kafin in gama sa hula an ɗaure buhu a bayan babur. Wallahi ban tuna da wayar ba sai da muka zauna a zauren Malam Issa, dattawan unguwa sun kewaye shi, an jingine buhun a gabansa, na shafa aljihu na ji wayam.

Na sunkuyar da kai kamar yadda suruki na kirki ke yi. Kawu ya gyara murya ya fara jera gaisuwa. Ashe a daidai lokacin Hadiza, daga cikin gida, ta matsu ta ji ko mun iso, ta danna kirana.

A nan dole in tona wa kaina asiri. Lambar Hadiza tana da nata sautin na musamman, kuma ba na kowa ba ne illa muryata, wadda na ɗauka da kaina lokacin muna amarci. Sai ga buhu ya buɗe baki a tsakiyar zaure:

"Hadiza tawa, Hadizatu, zumar Garou, ni naki ne..."

Hadiza fa 'yar fari ce. Uban da ya haife ta ma ba ya kama sunanta, ga ni ina rera shi da muryar da ko akuya ba za ta yi alfahari da ita ba. Wani dattijo ya janye ƙafarsa yana a'uziyya. Kawu ya dube ni, ya dubi buhu.

"Kai, mi na na?"

Na yi tsalle na kama buhun, na tura hannu har gwiwa cikin kyautar da na riga na miƙa. Buhu ya kife, shinkafa ta malale a tabarma, kaji suka shigo kamar an gayyace su. Ina kamo wayar ta kai ga "ni naki ne" karo na uku, ta mutu a hannuna. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ba sallama.

Malam Issa bai yi dariya ba. Ya ce, "Shinkafar Malanville har da waƙa aka saida ta?"

Na yi bayani ina inda-inda. Ya nuna mini batirin hasken rana da ke kusurwa. "To ga wuta nan. Tunda dabara ta, jona mu gani."

Na jona. Ba ta ɗauka ba. Zufa ta karyo mini. Na karkata ramin cajin wajen haske na leƙa, sai ga ƙwayar shinkafa ta yi zamanta a ciki. Na zari kara ɗaya daga tsintsiya, na fiƙe shi, na sa a hankali na zaƙulo ta. Bayanta sai ga dunƙulen ƙura da zaren aljihu, wanda ina jin tun sayen wayar yake taruwa. Na mayar da igiya, wannan karon ta shige har ƙarshe, sai waya ta yi ƙyal, alamar caji ta bayyana. Na ɗaga ta sama kowa ya gani, kunyar ma na manta da ita.

Malam Issa ya ƙura wa wayar ido. Can ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fiddo tasa wayar, ya turo mini a kan tabarma ba tare da ya dube ni ba.

"Wagga tun girbi ba ta shan wuta. An ce sai an kai ta Gaya wurin masu gyara."

Na leƙa. Ɓarɓashin goro ne cunkushe a ramin. Na share shi tas, na jona, ta kama. Nan take dattawan nan suka shiga laluben aljihu, har wanda ya yi a'uziyya ya aika gida a ɗauko ta matarsa. Kafin azahar na tayar da duk wayar da aka miƙo mini, sai ɗaya da batirinta ya kumbura, na ce wannan kam ta gama aikinta. Ina zaune tsakiyar zaure, kara a hannu, ana kirana "Malam".

Da muka tashi sallama, Malam Issa ya dubi Kawu.

"Buba, ku tai da ita. Yaro shina da hannu, kuma mun ji da kunnenmu shina son ɗiyarmu. Amma don Allah ka ce mai ya bar waƙa."

Da yamma na shigo Malanville da matata da ɗana, Hadiza tana dariya tun daga Garou har ƙofar gida.

Abin da na koya shi ne, idan waya ta ƙi caji a fara leƙa raminta kafin a ɗauki shawarar maƙwabci, kuma kafin a je gidan suruki a kashe ta. Waƙar kuwa har yau ban cire ba, don ita ta dawo mini da iyalina.