Shimfiɗar da Na Yi wa Baffan Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa surukina shimfiɗa a Dubai ba. Ko na so in manta ma, matata ba za ta bari ba.

Lokacin satina uku kacal da samun aiki a wani kamfani da ke Dubai Investments Park. Aikinmu shi ne kafa audugar dutse a silin ɗin gareji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Dutse ne ake narkarwa, a zare shi kamar auduga, a matse shi falle-falle, a kafa a ƙarƙashin dekin don kada zafi da ƙarar motoci su haura wa mazauna sama, idan gobara ta tashi kuma ya tare ta. Ni dai nawa a ofis yake: in zauna a cikin sanyi, in zana a kwamfuta, in ce falle kaza za a kai wuri kaza. Ban taɓa sa masa hannu ba. Amma a unguwarmu a Kano, tuni sunana ya koma Injiniya.

To, akwai Rukayya. Mun daidaita da ita, sai dai mahaifinta ya ce ba zai sa rana ba sai ƙaninsa, Alhaji Sabi'u, mai zuwa Dubai sarin kaya, ya gan ni da idonsa ya kuma ga aikin da nake yi. (Ban ga laifinsa ba. Samari nawa ne ke ɗaukar hoto a jikin motar wani su turo gida?) Ke nan aurena kaf yana bakin mutum ɗaya.

Kai, na yi murna! Na sha guga, na sha turare, na haddace takardar bayanin kayanmu daga farko har ƙarshe. Da rana tsaka na ɗauko Baffa daga masaukinsa a International City, yana cikin farar shadda da babbar riga, muka nufi wani sabon bene a Al Nahda inda ake aikin garejin ƙasa. Mun isa daidai lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci, ba kowa sai mu. Na ɗora masa hular kwano a kan hularsa, na fara zuba.

"Baffa, wannan da kake gani a sama, dutse ne."

"Dutse? Ikon Allah!"

"Wallahi dutse. Wuta ba ta cin sa. Mota za ta yi ta gurnani a nan, mai barci a sama ko motsi ba zai yi ba. Ai ni, Baffa, kullum da kayan nan nake wuni."

Yana gyaɗa kai, ni kuwa kaina yana ƙara girma. A raina har na fara zaɓen launin shaddar ɗaurin aure.

Sai na lura yana dafa gwiwa yana waige-waige. Dattijo ne mai ciwon ƙafa, ga shi na tsayar da shi kusan rabin sa'a, kuma ba kujera ko ɗaya a wurin, sai siminti da ƙura. Nan tarbiyyar gida ta motsa. A gidanmu ba a barin baƙo a tsaye, ba a kuma zaunar da shi a ƙasa tsirara, ko buhu ne sai an shimfiɗa masa. Na yi wuf na yage ledar wani ƙunshi, na zaro falle biyu masu kauri. Ɓangare ɗaya akwai takarda mai ƙyalli a liƙe, ɗayan kuma auduga zalla. Da basirata ta injiniya na kife mai takardar a ƙasa, na ce gefen mai laushi ya fi dacewa da babba. Har da kakkaɓewa da tafin hannu.

"Bismillah, Baffa."

Ya cire takalmi, ya tattare babbar riga, ya ɗan ja wando sama, ya zauna. Can ya kishingiɗa a kan gwiwar hannu.

"Kai, Injiniya! Wannan ai ya fi katifata. Ba a sayarwa a tafi da shi Kano?"

Daɗi ya kama ni. Na zaro wani fallen na zauna a gefe, kai a sunkuye kamar yadda ya kamata. Ya shiga tambayata asalin gidanmu, yana shafa audugar da hannu, yana share gumin wuya da fuska da wannan hannun dai.

Ba a yi minti goma ba na ji abu ya tsikare ni a idon sawu. Sai cinya. Sai tsakanin yatsu. Wanda ya taɓa shiga sussukar gero da gumi a jikinsa ya ɗan san abin da nake nufi, sai dai wannan ya fi. Ga shi kuma ba dama in yi susa a gaban suruki. Na cije, ina amsa "E, Baffa," "Haka ne, Baffa," hawaye na taruwa a idona.

Na saci kallonsa. Ya tashi daga kishingiɗa. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya. Carbin da ke hannunsa ya fara gudu. Ashe shi ma yana cin tasa wutar, amma ina dattijo zai tsaya susa a gaban yaron da ya zo dubawa? Muka zauna mu biyu, kowa na riƙe da mutuncinsa, ana maganar kakannina.

Haka Malam Isufu ya same mu. Shi ne shugaban ma'aikatan wurin, mutumin Maraɗi, shekararsa goma sha a sana'ar. Ya tsaya turus da ledar shayi a hannu.

"Innalillahi! Injiniya, mi kuke yi nan? Yalla, ku tashi! Alhaji, kar ka sosa, wallahi ƙara shigewa yake yi!" Ya dubi shimfiɗar, ya dube ni. "Wa ya kife shi haka? Mu da muke aikinsa, sai da safar hannu da takunkumi da riga har wuya muke taɓa shi!"

Baffa ya miƙe a hankali, wuyansa ya yi ja.

"Injiniya, ba ka ce kullum da kayan nan kake wuni ba?"

"A kwamfuta ne, Baffa," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Malam Isufu ya miƙo min ƙaton salatif, ya ce da shi ake cire ƙaiƙayin audugar daga fata, sannan ruwan sanyi, ban da na zafi. Ku dube ni, injiniyan Dubai, a durƙushe gaban baffan amaryata, ina liƙa masa salatif a ƙwauri ina fizgewa, gashin ƙafa na biyowa. Kowace fizga ina cewa "Sannu, Baffa," shi kuma yana cewa "Hasbunallahu." Shaddar nan aka ƙulle ta a leda. Alhaji Sabi'u, babban ɗan kasuwa, a cikin kayan aiki ruwan lemo na aro ya koma International City. Kafin mu isa, ni a raina na riga na yi bankwana da Rukayya.

Kwana uku ko abinci ba ya min daɗi. Ran na huɗu ta kira ni, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta gaya min abin da Baffa ya faɗa wa mahaifinta: "Aikin gaskiya ne, na gani, na ma ji a jikina. Yaron bai san audugarsa ba, amma ya san baƙo. Kuma ya fi minti ashirin yana ƙonewa a gabana bai sosa ba. Ku ba shi."

Wayyo daɗi! A tsakiyar ofis na yi tsalle.

Ranar ɗaurin aure an malale ƙofar gida da darduma, manya sun zazzauna. Baffa ya iso, ya cire takalmi, sai ya tsaya cak, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Wa ya yi shimfiɗar nan? Idan Injiniya ne, a kawo min kujera."

Tun daga nan na koyi darasi. Duk abin da a kwamfuta kawai na san shi, ba na cika baki a kansa sai na tambayi Malam Isufu. Kuma har yau akwai kujerar roba a bayan motata, don Baffa yana nan tafe wata mai zuwa.